Canjin gilashin tabilet a Sakkwato: maigidan ya fita kunyata, yaronsa kuwa har yanzu ina jin zafinsa

Mutum uku ke nan suna tambayata inda na kai tabilet ɗinmu aka gyara, da kuma ko su ma su kai tasu. Ga amsar, sai dai ku yi haƙuri da tsawonta, don abin bai zo mini da sauƙi ba.

Samsung Galaxy Tab A7 ce, mai inci 10.4, irin wadda ta fito a 2020. Shekara huɗu tana gidanmu ba ta taɓa ganin teburin mai gyara ba. Da rana babbar 'yata ke gwada tambayoyin JAMB a kanta, bayan Isha'i kuma Inna, mahaifiyata, ta karɓa ta saurari karatun Alƙur'ani har barci ya ɗauke ta. Wata Asabar a watan Afrilu autanmu ya miƙa hannu ya jawo ta daga kan tebur, ta faɗi ta kusurwa a kan siminti. Gilashin ya tsattsage kamar saƙar gizo-gizo, wata baƙar tawada ta malale daga gefen dama. A lokacin saura mako uku yarinya ta shiga jarrabawa.

Ranar Litinin na hau kabu-kabu daga Mabera zuwa layin masu gyaran waya na cikin gari, kun dai san wurin. Ba zan kama sunan shagon ba. Wani matashi na tarar, ya juya ta, ya kunna, ya ce: "Baba, wagga ba tac kaɗai ta mutu ba, har LCD ta tahi. Sai dai a sa kamfilit." A nan gaskiya ya faɗa. Fuskar tabilet hawa biyu ce, akwai gilashin sama mai jin taɓawar yatsa, shi ne tac, akwai na ƙasa mai nuna hoto, shi ne LCD. Da na sama ne kawai ya fashe hoto na fita lafiya, da aikin ya zo da sauƙi. Tunda tawada ta zubo, na ƙasan ma ya tafi, sai a canza duka biyun, shi ne kamfilit. Ya ce irin wannan girman ba a ajiye shi a shago, sai an yi oda daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, direba ya kawo tasha. Kala biyu ne, in ji shi, orijinal da kofi. Kun san yadda kuɗin kaya yake yanzu, ba sai na faɗa ba. Na rufe ido na biya na orijinal, saboda idon yarinyar da za ta yini tana karatu a kai.

Kwana uku ya ce mini. Sai da aka yi shida. Wannan na yafe, hanyar Kano zuwa Sakkwato ba a hannunsa take ba.

Ya miƙo mini ita an ɗaɗɗaure da roba, ya ce kada a kwance sai da safe gam ya kama. Da aka kwance na ga hasken ya dushe, farin shafi ya koma kamar an wanke shi da ruwan toka. Na ce wa zuciyata wataƙila sabunta ce. Kwana huɗu aka yi ana lallaɓawa. A daren na huɗun ne ina zaune a tsakar gida, ba wuta, zafi ya hana kowa shiga ɗaki, na ji 'yata ta ce, "Baba, zo ka gani," muryarta na rawa. Tana cikin gwaji mai ƙidayar lokaci. Ta danna B, amsa ta tsallake ta koma D. Ta gyara, shafi ya gudu gaba da kansa. Kafin ta kai tambaya ta ashirin, abin ya miƙa jarrabawar gaba ɗaya ba da izininta ba. Na karɓa na ajiye a kan tabarma, babu mai taɓawa, muna kallo tana buɗe wannan tana rufe wancan, haruffa na rubuta kansu. Inna har ta fara a'uziyya. Na haska da tocilan, sai ga kusurwar sama ta ɗaga, farcena na shiga tsakanin gilashi da jiki, ƙura ta riga ta yi layi a ciki. Yarinyar ba ta ce komai ba, ta ɗauki littafinta ta juya baya, amma na ga tana share ido da gefen hijabi. Wannan ne ya hana ni barci, ba kuɗin ba.

Washegari na koma. Ko kallon kirki matashin nan bai yi mata ba ya ce wataƙila cajarmu ce ba ta da kyau, ko yara sun danne ta, kuma "gilashi ba ya da garanti." Cajar da ta zo da ita tun tana sabuwa! Na ɗaga murya, ban ɓoye ba. Ana cikin haka maigidan shagon ya dawo daga sallar Azahar, dattijo ne mai tabarau, ban gan shi ba a zuwana na baya. Ya ce, "Alhaji, zamna. Mi ya hwaru?" Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Sannan ya kunna bulowa, na'urar hura iska mai zafi, ya ɗumama gefuna, ya zura wani siririn kati ya ɗaga gilashin a hankali, ya kira ni in matso. Da idona na gani: tsohon gam ba a kankare shi ba, har da ɓurɓushin tsohon gilashi a maƙale a jikin firam, sabon a kansu aka ɗora. Ga zafin garin nan da ke haura digiri 40 a wannan watan, ina gam zai riƙe? Siririyar igiyar da ke haɗa tac da fanel, wato injin cikin tabilet, kuma ta lanƙwashe, ba ta zauna daidai a mazauninta ba. Ya juya bayan gilashin ya duba, ya ɗago ya dubi yaronsa: "Kuɗin mi ka amsa?" Shiru. Ya juyo gare ni ya ce, "Alhaji, wanga kofi na. Laihinmu na, ka yi haƙuri."

Wallahi ban zaci haka ba. Na zo da shirin rigima, mutum ya kashe mini jiki da gaskiya. A gabana ya kira Kano, ya ce a nemo masa na jiki, wanda aka ciro daga irinta da fanel ɗinta ya mutu. Ban ƙara ko sisi ba sai kuɗin direba. Da kaya ya iso bayan kwana huɗu bai sa gam ba tukuna. Ya jona, ya ba ni ya ce in ja layi da yatsa daga kusurwa zuwa kusurwa ko zai yanke a wani wuri, in buɗe farin shafi in duba tabo, in ƙure haske in rage. Sai da na ce na gamsu ya kankare firam tas, ya sa gam, ya matse, ya ce ta kwana a shago. Launi ya dawo yadda muka san shi. Na fito ina sa masa albarka, har na ce a raina duk wanda ya tambaye ni nan zan turo shi.

Amma yanzu da nake rubutun nan abubuwa na dawo mini. Kusan mako biyu cikin ukun da suka rage wa yarinya tabilet ba ta da amfani, da wayar ɗan'uwanta ta riƙa leƙen tambayoyi a ƙaramin gilashi. Kuɗin kabu-kabu da na zubar ban ma lissafa ba. Kyamarar gaba tun aikin farko ta yi hazo, gam ya taɓa ta, in Inna na magana da ƙanena ta bidiyo sai ya ce kamar cikin hunturu yake ganinta. Matashin nan kuma yana nan zaune a kujerarsa, har yau bai ce mini ko "yi haƙuri" ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, da na zo minti goma kafin a idar da salla na tafi da fushina, shi ke nan an ci kuɗin orijinal an ba ni kofi. Mutumin da ya taso daga Boɗinga ko Wamakko, ko baiwar Allah da ba za ta iya tsayawa ta yi musu a cikin kasuwa ba, wa zai ƙwato musu?

Saboda haka ku ukun da kuka tambaya: in za ku je, ku tambayi dattijon, in ba ya nan ku jira shi ko ku dawo gobe. Kada ku bari a sa gam ba ku gwada da hannunku ba. Tamu dai wata biyu ke nan ba ta ƙara taɓa kanta ba, kusurwa ba ta ɗaga ba. Kyamarar ce ban koma a goge ba, don sai an sake buɗe gilashin, ni kuwa ban shirya ganin an sa masa bulowa karo na uku ba.