Kafin Ka Sayi Zanen Share Fage na Tsofaffin Masu Zanen Faransa

A ƙarni na 17 da na 18, idan sarkin Faransa ko wani mai hali ya ba mai zane aikin ƙawata rufin fada da labaran gumakan Girka da Rum, mai zanen ba ya dosar babban aikin kai tsaye. Yakan fara da ƙaramin zanen share fage na fentin mai, wanda Faransawa ke kira esquisse, domin ya tsara inda kowane mutum zai tsaya da inda haske zai sauka. Irin waɗannan su ne suka fi fitowa a gidajen gwanjo kamar Drouot da ke Paris, tunda manyan ayyukan sun daɗe da shiga gidajen tarihi. Abin da ke ruɗar mai saye shi ne abubuwa iri uku ne ake kasawa masu kama da juna, alhali darajarsu ba ɗaya ba ce.

Na farko shi ne zanen tunanin farko, wanda aka yi cikin hanzari, fuskoki ba su gama fitowa ba, wani lokaci ma da launin toka ko na ƙasa kaɗai, kamar yadda François Boucher ya saba yi. Na biyu shi ne samfurin da ake kai wa wanda ya ba da aikin ya gani ya amince, don haka ya fi tsafta da cikar launi. Na uku kuwa ƙaramin kwafi ne da ake yi bayan an kammala babban aikin, sau da yawa da hannun almajirai. Aikin Jean-Honoré Fragonard na shekarar 1765, wanda ya nuna wani tsohon labarin Girka inda Coresus yake kashe kansa domin ya fanshi budurwa Callirhoé, ya isa misali: babban zanen yana gidan tarihin Louvre da ke Paris, na share fage yana gidan tarihin Angers kuma tsarinsa ya saɓa da na ƙarshe, sannan akwai ƙaramin maimaicinsa a Madrid. Wannan saɓanin shi ne abin nema. Zanen da ya yi daidai da babban aikin kwabo da kwabo, har lanƙwasar mayafi, ya fi kama da kwafi, domin mai tunani yana sauya ra'ayi, mai kwafi kuwa bin sahu kawai yake yi.

A ganina na farko ya fi cancantar kuɗin mutum, ko da ya fi ƙanƙanta kuma bai cika ido ba a kallon farko, saboda a cikinsa ne ake ganin hannun da aka matsar, ko kan dokin da aka shafe aka sake ɗorawa. Irin waɗannan gyare-gyare suna bayyana idan aka haska hoton da na'urar da ke ratsa fenti, kuma dillali na ƙwarai ba ya ƙin a yi wannan gwaji.

Sai batun suna, wanda a nan ne aka fi yin asara. Yawancin waɗannan zane-zane ba su da sa hannu, domin kayan aiki ne na cikin ɗaki, saboda haka sa hannu mai kyau fes a kan zanen gaggawa abin a tsaya a bincika ne. Dokar Faransa ta 3 ga Maris 1981 ta fayyace ma'anar kalmomin da ake rubutawa a kundin gwanjo. Idan an rubuta sunan mai zane shi kaɗai, an ba da tabbacin aikinsa ne. Attribué à yana nufin akwai ƙwararan alamu amma babu tabbas, atelier de yana nufin an yi shi a ɗakin aikinsa ko ƙarƙashin kulawarsa, yayin da d'après (an kwaikwayi aikinsa) da dans le goût de (an bi salonsa) ba su ɗauke da wani alkawari ko kaɗan. Gara mutum ya sayi tabbataccen aikin wanda sunansa bai kai na Boucher amo ba, kamar Charles-Joseph Natoire da ya zana tatsuniyar Psyché a gidan Soubise da ke Paris, da ya biya kuɗi mai yawa a kan babban suna da aka jingina wa zato.

Abin da aka yi zanen a kansa ma yana da muhimmanci. Akwai na kan ƙyalle, akwai na kan takarda da aka manna wa ƙyalle daga baya, akwai na kan katako. Tsohon ƙyallen da aka yi wa sabon shafi ta baya da zafin guga yakan rasa kaurin fentinsa, kuma wannan kaurin shi ne rabin daɗin kallon zanen gaggawa. Binciken sinadarin fenti yana tona asiri: shuɗin da ake kira na Prusiya, a farkon ƙarni na 18 aka gano shi a Berlin, don haka ba shi da hurumi a ainihin fentin aikin da aka ce na 1680 ne.

A lissafa da ladan gidan gwanjo, wanda kan kai kashi ɗaya cikin huɗu na farashi ko fiye, da inshora, da takardar izinin fitarwa da hukumar Faransa ke buƙata ga tsofaffin zane-zane masu tsada. A kuma tuna cewa labaran gumakan Rum mata irin su Venus da Diana suna yawan zuwa da tsiraici, don haka a duba hoton da kyau kafin a yanke shawarar inda za a rataye shi. Wanda zai kawo shi Kano ko Damagaram ya guji na katako, domin bushewar hunturu da laimar damina suna sa katako ya kumbura ya tsuke har fenti ya tsage, sai dai in yana da ɗakin da zai iya daidaita laimarsa duk shekara.