Yaron ne zai ba da labarinsa, ko ke za ki ba da shi?

Ƙanwata, kin ce kina rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 15 da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu a wajen Maradun, ya dawo Gusau da uwarsa da ƙannensa suna fakewa a kangon wani bawan Allah. Ya rage magana, barci ya ƙaurace masa, ya fara bin yaran tasha. Kina tambaya: ki bar shi ya faɗa da bakinsa, "na tashi, na gani", ko ke ki tsaya gefe ki ce "ya tashi, ya gani"?

Bari mu gwada su a kan abu guda. Yaron yana tallar ruwan leda a tasha, sai ga 'yan acaɓa wajen goma sun shigo a jere.

Da bakinsa: "Da na ji ƙarar baburan, ban san sanda tiren ya bar kaina ba. Ƙafafuna sunka ƙi ɗaukata. Ni dai na san ba su ba ne, amma cikina bai sani ba."

Da bakinki: "Baburan suka shigo. Tiren ya kife, ledoji biyu suka fashe a kan silifas ɗinsa. Ya durƙusa yana tsince sauran, yana ƙirgawa yana sake ƙirgawa, har mai shayin da ke gefe ya ce masa, kai yaro, takwas ne, tun ɗazu takwas ne."

Na farkon ya fi saurin kama zuciya, ba musu. Mai karatu yana cikin ƙirjin yaron tun daga jimlar farko. Kuma ba baƙon salo ba ne a wurinmu: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubuta labaran Hausa ta 1933, da bakin mai labarin aka ba da shi, har da sace shi da aka yi yana ƙarami. Sai dai ki lura, can dattijo ne malami yake waiwayen ƙuruciyarsa a gaban almajiransa. Ya huce, ya samu kalmomin. Naki yaron wutar tana cinsa yanzu.

Nan ne gizo ke saƙa. Yaron Bahaushe mai shekara 15 ba ya zama ya ce "ina fama da ciwon damuwa". An tarbiyyantar da shi a kan kunya da kawaici, an sha gaya masa namiji ba ya kuka. In uwarsa ta ce me ke damunka, "ba komai" zai ce, ko "kaina ke ciwo". To idan kika ba shi bakin ba da labari, abu biyu ke jiranki. Ko dai ki cusa masa kalmominki na wadda ta yi jami'a, ya koma yana fassara zuciyarsa kamar likitan ƙwaƙwalwa, ko ki bar shi da zurfin cikinsa shafuka su tafi babu komai. Na karanta labarai da dama a Wattpad da WhatsApp da suka faɗa ramin farko. Yarinya 'yar aji uku tana zuba falsafar da ko kakarta ba za ta iya ba.

Akwai kuma maganar karin harshe, wadda marubutanmu suka cika tsallakewa. In yaron Maradun ne ke magana, "munka tahi" zai ce, "mi" zai ce, ba "me" ba. Za ki iya riƙe wannan daga bango zuwa bango? Kuma mai karatu a Kano ko Zariya zai jure? In kika mayar da shi Kananci tsantsa, duk ɗan Zamfara zai ji wannan ba yaronmu ba ne. Da bakinki kuwa, kin huta: labarin ya tafi da daidaitacciyar Hausa, Zamfarancin ya fito inda mutane ke zance.

Salo na biyu yana ba ki abin da yaron ba zai iya gani ba. Uwarsa tana auna ko iska ce ta taɓa shi, tana lissafin kuɗin ruƙiya da na awon gero. Maƙwabta sun fara cewa ya soma shan tiramol, alhali a lokacin bai ma soma ba. Sannan abubuwan da suka faru a jihar suna shigowa ba tare da kin sa yaro ya zama mai karanta labarai ba: ɗauke 'yan mata 279 a Jangebe a watan Fabrairun 2021, da katse layukan waya da rufe kasuwannin mako a watan Satumba na shekarar. Ki ɗauka uban ya koma ƙauye girbi a daidai lokacin. Yaron yana riƙe da wayar uwarsa, yana danna lamba ɗaya alhali ya san babu sabis. Ba sai wani ya ce yana kewar ubansa ba.

Aibin wannan salon shi ne sanyi, da kuma wa'azi. Da zarar marubuci ya tsaya gefe, sai hannunsa ya riƙa ƙaiƙayin nasiha ga iyaye da gwamnati, yaron ya zama abin misali kawai. Maganinsa ki manne masa. Inda bai shiga ba, ki rage shiga. Abin da ya ji ƙamshinsa, ki ji.

Ni dai ga wannan yaron na biyun zan ɗauka, saboda shirunsa shi ne labarin, kuma da wuya mai shiru ya ba da labarin shirunsa. Da a ce yaro ne mai surutu da cika baki, irin wanda zai ce shi ko kusa bai ji tsoro ba daren da aka shigo, yana faɗa mai karatu yana gane ƙarya yake, da na ce ki miƙa masa alƙalamin tun shafin farko.

Ki rubuta daren farkonsu a kangon nan sau biyu, shafi ɗaya kowanne, ki turo mu gani. Kada ki manta kango ba shi da ƙyaure, ina son sanin wa ya kwana a bakin ƙofa.