Kwantirola ko manhajar haɗa kiɗa: ga wanda za ka fara saye

Ƙanina, ka tambayi wanne za ka fara saye. Tunda kuɗin ba za su kai ka ɗauki kwantirolan Pioneer DDJ-FLX4, na'urar da DJ ke jera kiɗa da ita, da lasisin FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, a lokaci guda ba, kuma tekno da hawus, kiɗan rawa na lantarki, kake son yi ba kiɗan biki ba, to ka sayi FL Studio. Duka biyun ina da su a ɗaki, ba a bakin wani na ji ba.

Fara duba garin da kake zaune kafin ka duba na'ura. Kwantirola kayan aikin wanda yake da filin rawa ne. A Kano ko Kaduna ko Maraɗi, wa zai ba ka awa biyu ka saki tekno zalla, babu murya, bugu 130 a minti ɗaya? In an kira ka biki, waƙar amarya ake so, sai amapiano da afrobit, kuma uwar biki tana da gaskiya tunda ita ta biya. A Legas da Abuja ana ɗan shirya darare na irin kiɗanmu, amma masu shiryawa wanda suka taɓa jin aikinsa suke kira. Kiɗan da ka haɗa da hannunka shi ne zai je inda ƙafarka ba ta kai ba, ba ya neman biza, ba ya neman kuɗin mota.

Haka waɗanda suka fara abin suka yi. A Ditroyit ta Amurka, Juan Atkins ya kafa kamfanin faifai na Metroplex a 1985 don ya fitar da faifansa da kansa, Derrick May ya biyo baya da Transmat a 1986. Faifan Underground Resistance, ƙungiyar Mike Banks da Jeff Mills, sun riga masu su isa Balin ta Jamus, ana sayar da su a shagon Hard Wax. Da aka buɗe kulob ɗin Tresor a Balin a 1991, mutanen Ditroyit aka riƙa gayyatowa saboda an riga an san sautinsu. Na san wani zai ce ai Jeff Mills da DJ ya fara, a gidan rediyo, da sunan The Wizard. Gaskiya ne, kuma hannunsa a kan faifai har yau babu kamarsa. Amma garinsa yana da rediyon da zai ba shi fili, kai naka ba shi da shi, kuma ko shi ɗin faifan da ya haɗa ne suka tsallaka da shi teku.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Durban a Afirka ta Kudu. Samarin unguwannin talakawa suka zauna da tsofaffin kwamfutoci da FL Studio suka ƙirƙiro gqom, kiɗan ya riƙa yawo a motocin haya da wayoyin mutane kafin wani kamfani ya san da shi. DJ Lag na unguwar Clermont yana cikinsu. A 2016 ya hau dandamalin bikin Unsound a ƙasar Folan, a 2019 ya yi aiki da Beyoncé. Ga kuma Hama a Yamai, wanda kiɗansa na lantarki ya daɗe yana yawo a katin memori daga waya zuwa waya, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar masa da faifai. Babu ɗaya cikinsu da ya tsaya jiran a gina masa kulob.

Ni abin da ya ɗaure ni da FL Studio shi ne layin nan na akwatuna 16 da ake jera bugu a kai. Ka kunna na 1 da 5 da 9 da 13 a layin babbar ganga, ka sa tafi a na 5 da 13, ka sa ɗan tsit-tsit ɗin hai-hat a na 3 da 7 da 11 da 15, ka danna a tafi. Ƙashin bayan hawus ke nan, irin tsarin da ke jikin na'urar ganga ta Roland TR-909 ta 1983 da su Mills suke bugawa har yau. Ranar farko za ka ji abin da ya yi kama da kiɗa, wannan kuwa shi ke hana mutum karaya.

Wata rana a kasuwa na tarar da mai kalangu yana yi wa mahauta kiɗa. Na nemi izininsa, na ba shi na goro, na ɗauki sautin da waya. Da na dawo gida na zuba shi cikin Slicex, mayankin sauti na FL Studio, na yanyanka. Abin da ban taɓa lura da shi ba sai da na saurara da hedifon shi ne yadda muryar kalangun ke hawa da sauka a cikin bugu ɗaya, lokacin da makaɗin ya matse igiyoyin da hammata ya kuma saki. Irin zamewar nan ce da mutane ke kashe dukiya suna nema a jikin TB-303, tsohuwar na'urar Roland mai fitar da sautin ƙasa. Ban daidaita bugunsa da layin kwamfuta ba, na bar shi yana ɗan rigan babbar gangar wani wuri, yana ɗan jinkiri wani wuri, na rage masa sautin ƙasa don kada su yi karo. Na ɗora a shafin kiɗa na SoundCloud ba tare da tsammanin komai ba. Bayan wani lokaci wata DJ a Jamus ta rubuto tana neman fayil ɗin WAV, wato mai cikakken inganci, ta saka shi a shirinta na rediyon intanet, daga nan wani ƙaramin kamfani ya nemi in turo wasu. Kuɗin da suka shigo ba su taka kara sun karya ba, amma na koma kasuwa na kai wa mai kalangun rabonsa. Kai ma in ka ɗauki hannun wani, ka tuna da shi.

Shi kuwa FLX4, yana aikinsa. Ya fito a ƙarshen 2022 a madadin DDJ-400, tsarin maɓallansa irin na CDJ ne, na'urar da DJ ke saka kiɗa da ita a kulob, yana cin wuta daga laftof ta USB-C, yana tafiya da manhajojin DJ na rekordbox da Serato DJ Lite. Ko bugu ɗaya ba ya ƙirƙira, kiɗan wasu zai taya ka haɗawa, kuma nawa ya fi daɗewa a jaka fiye da kan tebur. Jera kiɗa da sanin wanne ke bin wanne za ka iya fara koya a manhajar Mixxx, kyauta ce, shi ma rekordbox ba sai ka biya ba za ka shirya filash ɗinka da shi.

Wajen sayen FL Studio, ka ɗauki nau'in Producer Edition. Fruity Edition ya fi araha amma ba ya ɗaukar sauti ta makirfo, ranar da ka so ɗaukar murya ko garaya za ka ji haushi. Kamfanin Image-Line na Beljiyam da ke yin manhajar yana ba da sabuntawa kyauta har abada, ka biya sau ɗaya an gama. Kafin ka biya, sauke na gwaji daga shafinsu. Ba ya ƙarewa, yana bari ka ajiye aiki, sai dai ba zai sake buɗe maka shi ba sai ka sayi lasisi. Hakan ya isa ka gane ko laftof ɗinka zai ɗauka. Canjin da ya rage ka sa a hedifon mai faɗin gaskiya, Sony MDR-7506 ko Audio-Technica ATH-M40x. In wuta ta ɗauke, batirin laftof da hedifon sun ishe ka aiki.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, domin macuta sun yi yawa a harkar nan. Image-Line ba ya yarda a sayar wa wani lasisin da aka riga aka yi wa rajista, saboda haka duk wanda ya ce yana da na hannu a rabin kuɗi, ko zai ba ka imel da kalmar sirri, asusun sata ne ko wanda aka raba wa mutum ashirin, kuma ranar da aka rufe shi ba za ka sake ganin mai sayarwar ba. Masu loda fasasshiyar manhaja a shago kuma sau da yawa har da ƙwayar cuta suke haɗa maka, ga shi za ta riƙa mutuwa a tsakiyar aiki. Hedifon ɗin nan biyu da na ambata jabunsu ya cika gari, kwali da rubutu duk iri ɗaya, sai ka saka a kunne ka ji sautin ƙasa ya kumbura ya danne komai. Ka je da kiɗan da ka san shi ciki da waje ka gwada kafin ka miƙa kuɗi. Filash ma haka, ana sayar da mai rubutun 128GB wanda cikinsa bai kai haka ba, ka cika shi da fayiloli a gaban mai shagon ka sake buɗe su. Sannan duk wanda ya turo maka saƙo wai kamfaninsa zai fitar da kiɗanka in ka biya kuɗin rajista, ka share shi. Kamfanin gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun furodusa.

Kwantirolan ka bar shi sai ranar da wani ya kira ka ka zo ka saka kiɗanka, kuma ko a lokacin ka fara tambaya ko wurin yana da CDJ, don in akwai, filash biyu kawai za ka riƙe. Yanzu dai ka sauke na gwajin a daren nan. In ka sayi lasisin ka gama kiɗa na farko, ka turo min a matsayin fayil, WAV ko MP3 mai ingancin 320kbps, kada ka ɗauka da makirfon waya daga sifika, in saurara in gaya maka inda gangar ke cin sautin ƙasa.