Kafintan da ya haɗa min ɗan sito a bayan gida a Agege

Masu tambayata a kan kafintan nan na Agege, toh ga abin da na gani. Hannunsa na da kyau, kuɗinsa bai tsauwala ba, amma cika alƙawari kam sai haƙuri, in ya ce maka gobe da safe ka sa ranka jibi da la'asar.

Ni dai ɗan wuri nake so, ƙafa 8 a ƙafa 6, na ajiye buhunan wake da jarkoki, kuma lanlod ya ce ba a yi masa ginin bulo a fili, sai abin da za a kwance ranar tashi. Da na ce a yi komai da katakon falet, irin wanda ake ɗora kaya a kai a sito, don a rage kuɗi sai ya yi dariya, ya ce Alhaji bango ka yi da abin da ka ga dama amma ƙafa da rufi ba a yi musu rowa a Legas. Wlh gaskiyarsa ne.

Tare muka je kasuwar katako ta Amu a Mushin, ya zaɓo tu-bai-fo (katako inci 2 a inci 4) mai nauyi na ginshiƙai, farin katakon nan mara nauyi ko kallonsa bai yi ba, wai abincin gara ne. Bai bari ko ɗaya ya taɓa ƙasa ba, kowane ginshiƙi a kan bulo inci 9 da aka cika da kankare ya ɗora shi, don kun san ruwan Yuni da Yuli a nan in ya sauko tsakar gida sai ta koma tafki. Ya shafe katakon da Solignum, maganin gara da ruɓewa, ya ce baƙin mai ma yana yi kuma ya fi araha sai dai warinsa zai kama waken. Sannan ya buga katako a karkace a kowace kusurwa, na jingina da ƙarfina na tura, ko motsi.

Rufin ne ya fi burge ni. Sabon kwano ya sa, ba mu sayi bandir ba tunda guda 20 ya yi mana yawa, ɗai-ɗai muka saya mai ɗan kauri, don siririn nan damshin Legas ba ya barinsa sai tsatsa. Ya ba shi gangara sosai, kusa mai hula a kan tudun kwanon yake bugawa ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, ya ɗaure rafta da langa-langa saboda iskar farkon damina. Bango kuwa tsohon kwano ne da falet, ba kyan gani amma wa zai leƙo bayan gida.

Inda ya gaza ƙofa ce. Hinji ƙanana ya sa, damina na shiga ta kumbura ta fara jan ƙasa, kuma maƙalin kwaɗon daga waje ya ɗaure da sukuru, yaro da sukudireba ma zai cire. Bai bar kafar iska a sama ba sai da na yi magana, ga wake ba ya son gumi. Ya dawo ya gyara bai karɓi ko sisi ba, bayan na gaji da kiran waya dai.

In za ka ba shi aiki ka je sayen kaya da ƙafarka, kuɗin hannu kuma ka riƙe rabi sai ya rataya ƙofa ka buɗe ka rufe a gabansa.