Tomcat, WildFly ko WebLogic: a kan wacce za ka ɗora manhajarka ta Java?

In manhajarka ta gama gwaji, lokacin buɗe ta ga jama'a ya yi, ɗauki Tomcat, sai fa in kana da ƙwaƙƙwaran dalilin ƙin ta. Ita da WildFly da WebLogic duk manhajojin saba ne da ake ɗora manhajar Java a kansu don jama'a su same ta ta intanet.

Yawancinmu hayar sabar muke yi wata-wata, da dala ake biya, halin da naira take ciki kuwa ba sai an faɗa ba. Shi ya sa nake fara duba yawan RAM ɗin da sabar za ta lashe tun kafin manhaja ta tashi. Tomcat ba ta da ci. Ƙaramar manhaja tana zama lafiya lau a kan inji mai gigabait 2, in kuma ta faɗi, nan da nan take miƙewa. Gidauniyar Apache ce ke kula da ita, kyauta ce, kuma da wuya ka ci karo da matsalar da wani bai riga ya rubuta maganinta ba. Masu gina manhaja da tsarin Spring Boot ma ita ce a cikin fayil ɗinsu na jar, ko sun lura ko ba su lura ba. Sai dai a kula: daga Tomcat 10 an sauya sunayen javax zuwa jakarta, don haka tsohuwar manhaja ta zauna a kan Tomcat 9 har sai an gyara ta, in ba haka ba 404, wato saƙon ba a sami shafi ba, za ka yi ta gani. Ka sa sabar yanar gizo ta Nginx a gaban Tomcat ta riƙe HTTPS.

WildFly, wadda a da ake kira JBoss, ta mai buƙatar EJB da JMS ce. In ba ka san amfaninsu ba, ba ka buƙatarsu. Akwai wasu sabobin kuma: Jetty ba laifi. Payara reshen GlassFish ce. WebLogic da WebSphere kuwa na bankuna ne, sayensu don ƙaramin shafi kamar ɗauko tirela ne don buhun gero ɗaya.

A kan WebLogic ɗin ma aka fi cutar mutane. Oracle tana bari a sauke ta kyauta don rubuta manhaja da gwaji kawai. Sai ɗan kwangila ya sauke wannan, ya ɗora muku aiki a kai, ya rubuta kuɗin lasisi a takardar biya. Na gaji irin wannan aiki a wani kamfani, babu takarda ko ɗaya, ɗan kwangilar kuma ya daina ɗaga waya. Kafin a biya ko kwabo, a ga lasisi da sunan kamfaninku. Haka Java kanta, wadda ake biya wa Oracle: tun Janairun 2023 Oracle ke lissafin kuɗinta bisa yawan ma'aikatan kamfani gaba ɗaya, ba masu amfani da ita kaɗai ba. Temurin, wato Java ta gidauniyar Eclipse, kyauta ce, kuma aikin ɗaya ne.

Kada ka amince da kowane kunshin Docker, wato manhaja da aka riga aka haɗa don ɗorawa kai tsaye, don kawai an rubuta masa Tomcat. An sha kama waɗanda aka cusa wa manhajar haƙar kuɗin intanet na Monero. Ɗauki na hukuma, ko ka sauke daga shafin Apache ka gwada lambar SHA-512 don tabbatar ba a taɓa fayil ɗin ba. Goge shafin manager, wanda ake sarrafa Tomcat da shi, in ba ka amfani da shi, don ɓarayi suna yawo suna gwada admin/admin dare da rana. Ƙofa ta 8009 ma, wadda matsalar tsaro ta Ghostcat ta bi a 2020, a rufe take tun daga Tomcat 9.0.31, amma duba fayil ɗin saiti na server.xml da idonka, musamman in wani ne ya kwafo maka shi daga tsohuwar sabar.