Shayin tasha ko shayin Buzaye?

Ƙarshen kaka, da an tura gero rumbu kuma iskar hunturu ta fara kaɗawa, matafiyi daga Kano zuwa Damagaram zai ci karo da shayi iri biyu.

Na farko shi ne na teburin mai shayi a tasha, da asuba kafin mota ta cika. Ruwan ya sha citta da kanumfari, ga madara, ga burodi da wainar ƙwai. Mai shayi ya ɗaga kofi sama ya kwararo cikin wani, ya sake, har ya huce daidai baki. Wannan shayin ciko ne, yana riƙe ciki har Daura. Hirar benci kuwa gajera ce, kwandasta na kira kowa ya watse.

Na Buzaye ba ya ƙosar da kowa, kuma ba ya son gaggawa. 'Yar buta ce a kan gawayi, da ganyen shayi kore da sukari, wani lokaci da na'ana'a. Ana juya shi tsakanin buta da finjali sai kumfa ta tsaya. Zagaye uku ake yi: na fari da ɗaci, na biyu ya sassauta, na uku zaƙi zalla. Tashi kafin na uku rashin kyautawa ne, shi ya sa baƙon da kuka haɗu a mota kan zama aboki a kan tabarmar.

Ni na Buzaye na fi so, amma idan tafiyar da nisa kuma ciki ba komai, teburin tasha nake nufa tukuna.