Dalar Masar da Hasumiyar Gobarau: wa ya ɗora su, kuma da me?

Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai na natsu. Ka ce ka kalli wani bidiyo da ke cewa ba ɗan Adam ne ya gina dalar Masar ba, ko aljannu ne ko wasu halittu da suka sauko daga sama. Sai ka ƙara da cewa, in aka ajiye Gobarau tamu kusa da ita, ai ba a ma kawo zancenta. Tambaya biyu ce ka haɗa, kuma ta biyun ta fi taɓa ni, don kakana magini ne a cikin birnin Katsina, na tashi ina ganin tubali na shan rana a ƙofar gidanmu. Bari in jera maka su gefe da gefe.

In girma ake nufi, babu gardama. Babbar dalar Giza, wadda aka gina wa Fir'auna Khufu kimanin shekara 4,500 da suka wuce, tsayinta na asali mita 146 ne, kowane gefe na gindinta kuma mita 230. Gobarau ba ta wuce mita 15 ba, sai ka ɗora irinta goma kan juna kafin ka kai ƙololuwar dala. An ƙiyasta duwatsunta sun kai miliyan 2.3, kowane ɗaya a tsaka-tsaki ton biyu da rabi, nauyin buhun siminti 50 ke nan. In aka ce shekara 20 aka yi ana aikin, kullum sai an ajiye dutse sama da 300. Da wannan lissafin masu bidiyo ke ruɗa mutane, daga nan kuma sai su yi shiru, ba sa faɗin abin da aka tono a gindin dalar.

Zancen aljannu dai, mun yi imani Allah ya hore wa Annabi Sulaimanu su, sun yi masa gine-gine, Alƙur'ani ya faɗa. Amma a lissafin masana tarihi dalar Khufu ta riga zamanin Annabi Sulaimanu da shekara fiye da 1,500. Su kuwa waɗanda suka gina ta sun bar shaida da hannunsu. A 2013 wani ayarin masu tono ƙarƙashin Bafaranshe Pierre Tallet ya samo wasu tsofaffin takardu a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya. A ciki akwai littafin aiki na wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, mai mutum kusan 40 a ƙarƙashinsa. Kwana bi kwana yake rubutawa: ranar da suka yi lodin farin dutse a Tura, inda suka kwana, ranar da jirginsu ya tsallaka Nilu ya isa Giza. Har sunan mai kula da aikin ya ambata, Ankhhaf, ɗan'uwan Fir'auna. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin gini ya san irin wannan littafi, shi ne wanda ɗan kwangila ke rubuta tifa nawa ta shigo yau.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kudu da dalar an tono garin ma'aikatan kansa, da ɗakunan kwana, da wuraren gasa burodi, da tulin ƙasusuwan shanu da tumaki da awaki da suka ci. A 1990 aka gano maƙabartarsu. Gadon bayan da yawansu ya nuna cin kaya, wasu kuma an ga ƙashinsu ya karye, an ɗora, ya warke. Ashe har maɗori akwai a wurin. Masana na sa yawan ma'aikatan tsakanin 20,000 da 30,000, wasu ƙwararru ne na dindindin, wasu manoma ne da ke zuwa su yi nasu zangon su koma.

Yadda aka motsa duwatsun ma ba a ɓoye yake ba. Yawancinsu a nan Giza aka fasa su, taku kaɗan daga inda aka ɗora su. Farin dutsen da aka lulluɓe ta da shi ne ya zo daga Tura. Manyan duwatsu masu tauri da aka rufe ɗakin sarki da su, waɗanda wasu sun haura ton 50, sun fi lodin tirela, daga Aswan aka kawo su ta kogi, kilomita 800, ya fi nisan Katsina zuwa Abuja. A tudu kuma a kan katako ake ɗora dutse a ja da igiya. Akwai zane a kabarin wani hakimi mai suna Djehutihotep: mutane sahu-sahu na jan wani ƙaton gunki, ga mutum ɗaya tsaye a gaba yana tsiyaya ruwa a ƙasa. A 2014 masu bincike a Jami'ar Amsterdam suka gwada, suka ga in an jiƙa yashi daidai gwargwado, ƙarfin da ake bukata wajen ja na raguwa da kusan rabi. Duk mai amalanke da ya taɓa kafewa a rairayi lokacin rani, ya kuma bi hanyar nan bayan an yi yayyafi, ba sai an yi masa bayani ba.

Abin da ya fi gamsar da ni ma shi ne kurakuransu. Kafin Khufu, mahaifinsa Sneferu ya gina wata dala a Dahshur. An faro ta da miƙewa sosai, da aka kai tsakiya aka ga ba za ta ɗauka ba, sai aka kwantar da sauran, ta fito a karye kamar gwiwar hannu. Tana nan har yau. Sai da aka sake wata kusa da ita kafin hannu ya faɗa. Koyo ne, daga uba zuwa ɗa, kamar kowace sana'a.

To, mu dawo gida. Gobarau ta haura shekara 500, an fi danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Su Misirawa sai da suka haƙa dutse da kurfin jan ƙarfe, suka yi jirage, suka ja. Maginin Katsina kuwa a kan kayan aikinsa yake tsaye. Kududdufan da ke cikin tsofaffin unguwanni, da yawansu ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne. Amma kada sauƙin samun ƙasa ya sa ka ɗauka aikin banza ne. Na ga kakana ya damƙi ƙasa, ya murza, ya kai hanci, ya watsar ya ce wannan ba ta gini ba ce, yashinta ya yi yawa. Wadda ya yarda da ita sai a jiƙa, a zuba ciyawa da kashin dabbobi, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ko fiye ta ruɓa, a sake kwaɓawa. Tubalin da hannu ake cura shi, gindi faffaɗa kai a tsuke, babu ma'auni sai tafin hannu. In an zo ɗorawa, shi yana zaune a kan katanga kamar mai hawan doki, yaro na ƙasa na cilla masa tubali ɗaya-ɗaya yana caɓewa ba tare da ya duba ba. Kuma ba ya ɗora sahu da yawa a rana ɗaya. Sai na ƙasa ya sha iska, in ba haka ba ginin ya zauna ya tsage. Katanga kan faro da kauri a gindi ta riƙa sirancewa tana hawa, shi ya sa za ka ga Gobarau na tsukewa sama. Hikimar da ta riƙe dala ita ce ta riƙe ta: nauyi a ƙasa, sauƙi a sama.

Abin da maginin Hausa ke nema daga nesa shi ne azara, itacen giginya da gara ba ta cika ci ba. Da ita ake rufi, da ita ake lanƙwasa bakan gizo a soro. Sai makuba daga kwasfar ɗorawa, da katsi daga marina, waɗanda ake haɗawa a shafe bango don ruwa ya zame. Ka ga gini ɗaya ya jawo mai saran giginya, da marini, da matan da ke tara kwasfar ɗorawa, da mai jaki.

In kana son abin da ya yi kusa da dala wajen yawan hannu, ganuwa za ka duba, ba hasumiya ba. Bajamushe Heinrich Barth da ya zo Katsina a 1851 ya rubuta cewa kewayen birnin mil 13 zuwa 14 ne, sama da kilomita 20. Ka yi tunanin wannan tsawo, daga Ƙofar Guga zuwa Ƙofar Sauri, zuwa Ƙofar Durɓi da Marusa, a zagayo Ƙofar Ƙaura da Ƙwaya da 'Yanɗaka, duk da kwando da ƙwarya aka kai ƙasar a ka. A nan ne Masar da Katsina suka haɗu: sarki mai iko da zai yi kira a amsa, rumbu mai hatsin da zai ciyar da masu aiki, da lokacin da gona ta saki mutane. A can, cikar Nilu ce ke rufe gonaki ta kuma ɗaga jirage har kusa da wurin aiki. A nan, rani ne, bayan an kai amfani gida. Gayya ce, sai dai ta sarki.

Duka biyun kuma sun damu da fuskar da gini zai kalla. Gefunan dala huɗu na kallon gabas da yamma da kudu da arewa, kuskuren bai kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba, masana na ganin da rana ko taurari suka auna. Masu Gobarau alƙibla suke nema. Ka san labarin da ake bayarwa na Malam Jodoma, wai da aka yi masa gardama kan alƙibla sai ya nuna da sandarsa, aka hangi Ka'aba. Mu ma ke nan mun lulluɓe namu ginin da labarin mamaki, amma ba wanda ya taɓa cewa ba Katsinawa ne suka kwaɓa ƙasarsa ba.

Wajen manufa kuwa sun raba hanya. Dala kabarin mutum ɗaya ce, an gama an toshe ƙofa. In danginta kake nema a ƙasarmu, tuddan kaburburan sarakunan farko ne da ke Durɓi ta Kusheyi wajen Mani. Gobarau ta masu rai ce: masallaci, wurin karatu, ladan ya hau ya yi kira, mai tsaro ya hau ya hangi ƙurar mahara.

Ga inda nake ganin ba a yi wa tamu adalci. Dutse in an ɗora shi an gama. Dalar ta yi dubban shekaru ba mai kula da ita, har aka ɓamɓare farin mayafinta aka yi gine-gine a Alƙahira, ba ta gushe ba. Ginin ƙasa kuwa in aka yi damina uku ba yaɓe, sai indararo ya toshe, ruwa ya sami hanya, ya fara cin bango daga sama. Je ka ga Djenne a Mali, inda masallacin ƙasa mafi girma a duniya yake, wanda ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne: duk shekara gari ke fitowa a yaɓe shi, itatuwan da suka leƙo daga bangon su ne matakan masu yaɓe. Don haka tsayuwar Gobarau shekara 500 na nufin an riƙa samun Katsinawa masu hawa su gyara ta, har da babban gyaran da aka yi mata zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Dala na nuna ƙarfin zamani ɗaya. Gobarau na nuna riƙon zamunna da yawa, kuma ni wannan ya fi ba ni mamaki.

Dalilin da ya sa irin bidiyon nan ke ɓata mini rai, an taɓa yi wa Afirka haka da gangan. Lokacin da Turawa suka ga katangun dutse na Babbar Zimbabwe, wani tsohon birni a kudancin Afirka, waɗanda aka jera ba tare da kwaɓi ba, sai suka ce ba baƙar fata ya yi ba, wai mutanen Sarauniya Bilƙisu ne ko wasu baƙi daga teku. Sai da masu tono irin su Gertrude Caton-Thompson a 1929 suka tabbatar kakannin mutanen wurin ne. Jiya an ce baƙi, yau an ce halittun sama, duk hanyar ƙwace wa mai aiki aikinsa ce.

Ranar Juma'a bayan La'asar, in kana gari, zo mu taka zuwa Gobarau. Daga nan mu bi ta inda ganuwa take, in nuna maka guntayen da suka saura tsakanin gidajen bulo, da inda aka yanke ta aka ɗebi ƙasa. A wurin da ta tsage za ka ga cikinta, sahu kan sahu, har da ciyawar da aka kwaɓa da ita.